Farashin Ranar Rufe Shekara

Alhaji Maikano mutumin kirki ne, amma wallahi in ya kafe a kan magana sai dai ka haƙura. Shi ne shugaban wani kamfanin sayen riɗi a Birnin Kudu. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin karatun Zahara'u, 'yar ƙanwarsa, har ta zama akanta, sannan ya ba ta aiki a kamfanin.

Bara da aka samu rarar riba, kamfanin ya sayi hannun jarin wasu manyan kamfanoni a kasuwar hannun jari. Bana sai farashin ya faɗi warwas. Ga shi kuma manoman Zandam da Maruta sun shirya zuba kuɗinsu a kamfanin, rahoton ƙarshen shekara kawai suke jira.

Zahara'u ta rubuta hannun jarin a kan farashin da kasuwa ta tashi da shi ranar rufe shekara, asarar ta fito ɓaro-ɓaro. Da ta karanta wa Alhaji, sai ya haɗe rai.

"Mun sayar ne?" in ji shi.

"Ba mu sayar ba, Kawu."

"To ina asara? Saniyata in ta rame da rani, ba na cewa ta mutu. Damina na zuwa. Ki mayar da shi yadda muka saya."

Mutumin nan shi ne gatanta, kuma kalma ɗaya ta ishe shi ya raba ta da aikin. Amma yarinyar nan akwai zuciya. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Kawu, damina za ta iya zuwa. Amma mutanen Zandam yau za su saya. Tun ina ƙarama nake jin 'yan kasuwar shanu suna cewa kai ba ka sayar da saniya sai ka fara nuna wa mai saye aibinta. Ba zan iya sa hannu a kan tsohon farashi ba."

Alhaji ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Ta fita tana share hawaye, ta tabbata aiki ya ƙare.

Ranar taro da manoman a Gwaram, ga mamakinta Alhaji ya aiko a ce ta shiga mota. Ta shiga, suka tafi. Manoma sun cika tabarmi maƙil. Alhaji ya miƙe, bai ko waiwayi Zahara'u ba, ya ce, "Jama'a, kafin kowa ya ba da sisinsa, ku ji. Hannun jarin da muka saya ya karye. Ni na ce a saya. Akantarmu za ta faɗa muku nawa ya koma."

Ta faɗa. Mutanen Maruta suka yi ƙus-ƙus, suka tattara takalmansu suka tafi da kuɗinsu. Na Zandam ma kaɗan ne suka tsaya. Abin ya yi wa Alhaji ciwo, don kowa ya ga yadda idonsa ya kaɗa.

Sai da suka dawo Birnin Kudu, za ta sauka, ya ce, "Zahara'u."

"Na'am, Kawu."

"Kin jawo mini asarar mutane yau." Ya juyo ya dube ta. "Baɗi ma haka za ki rubuta, ko na yi miki faɗa. Ki gaida innarki."