Gurbin Sunan Mahaifi

Sakatare ya jera fasfo huɗu a kan kanta, ya daidaita gefensu da yatsa, sannan ya ɗora takardar tikiti a kai.

"Mu huɗu ne, lambarmu ɗaya," ya ce wa ma'aikaciyar kamfanin jirgin. "Komai na nan a jere."

Wata uku ya yi yana jera shi. Tun suna jami'a, a ɗaki na tara, shi ke rubuta wanda zai yi shara da wanda zai ɗebo ruwa, har sunan ya manne masa. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Yanzu mataimakin darakta ne, yana da nasa sakataren, amma a bakin abokansa har yau bai samu ƙarin girma ba. Da Dogo ya ce ya kamata su je bakin teku su yi mako guda tun gwiwoyi ba su ƙi ba, kowa ya yi na'am, kowa kuma ya san wanda zai yi wahalar.

A bayansa Dogo na ƙyaƙyata dariya. Ba sai ya juya ba, ya san Likita ne ya yi magana. Lauya kuwa yana gefe, waya a kunne, yana yi wa wani bayanin abin da ba a tambaye shi ba.

Likita bai taɓa kwana a ɗaki na tara ba. Shekara uku da suka wuce ya cire wa Dogo tsakuwa a ƙoda, daga nan ya shigo cikinsu ya zauna daram, kamar da shi aka yi yunwar makaranta. Dogo ya ajiye tsakuwar a 'yar kwalba yana nuna wa baƙi. Sakatare ya taɓa goya Dogo tun daga ɗaki har asibitin makaranta, cikin ruwan sama, ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Wannan dai babu wanda ya sa shi a kwalba.

Saboda haka da ya zo zaɓen kujeru, sai ya yi abin da ya ga ya dace. Dogo a layi na goma sha huɗu, jikin taga, shi kuma kusa da shi, awa biyar cur babu mai sa musu baki. Lauya a bayansu. Likita a layin ƙarshe, jikin banɗaki, kujerar da ba ta kwanciya. A otal ma haka: shi da Dogo a ɗaki mai kallon teku, Likita kuma da Lauya, wanda munsharinsa ya taɓa sa maƙwabta buga ƙofa, a ɗaki mai kallon wurin ajiye motoci.

Ma'aikaciyar ta miƙa wa Likita katin shiga. "Ga naka, Yallaɓai." Ta ba Dogo, ta ba Lauya. Sai ta ɗaga fasfo na ƙarshe, ta dubi allo, ta sake duban fasfon.

"Baba, wannan naka ne?"

Likita ya girme shi da shekara biyu. Sakatare ya haɗiye wannan ma.

"Nawa ne, 'yata."

"Sunan farko daidai ne. Amma mahaifinka, Sakatare ne sunansa?"

Ta juyo masa da allon. Ga shi nan da manyan baƙaƙe, a gurbin sunan mahaifi: SAKATARE.

Nan take ya tuna. Sunayen sauran ukun harafi-harafi ya kwafe su daga hotunan fasfonsu. Na Likita ma sau uku ya duba, har da ranar ƙarewar wa'adi, ko Allah zai sa a samu wani abu. Da ya iso kan nasa, wayar ta yi tayin cike masa, ya danna ba tare da ya duba ba. Wane ne zai duba sunansa? Wayar kuwa Dogo ne ya saita masa ita ranar da ya saya, ya rubuta haka don tsokana.

Dogo ya matso, ya dafa kantar da hannu biyu. "Ke 'yar nan, wallahi shi ne. Sakatare! Duk garin nan kowa ya san shi. Ni ne shaida, tun ba ki zo duniya ba muke tare."

"To, ya sunan mahaifinsa?"

Dogo ya buɗe baki. Ya dubi silin. Ya kaɗa yatsa sau biyu. "Ai na sani mana. Allah ya ji ƙan Baba, har gidansu na sha kwana. Yana bakina."

Sai Likita ya faɗi sunan, a hankali, daidai, ko wasali bai kauce ba.

"A katinka na gani," ya ce, kamar mai neman gafara, "ranar da ka zo awon hawan jini."

"Hawan jini?" in ji Lauya, yana sauke waya. "Kai, Sakatare, ka ɓoye mana?"

Da a ce babu wanda ya san sunan, da ya fi masa sauƙi.

Lauya ya gyara gilashi, ya shiga jawabi a kan haƙƙin fasinja. Ma'aikaciyar ta bar shi ya kai aya, sannan ta kira shugabarta, wadda ta maimaita abu ɗaya cikin murmushi mai tsada. Harafi uku ake gyarawa, ba suna sukutum ba. Tikitin rukuni ne mai rahusa, ba a taɓa shi. An rufe sayar da tikitin wannan jirgin. Wanda ke da gurbi sai ranar Juma'a.

"Asabar za mu dawo," in ji Sakatare.

"Ayya," in ji shugabar, ta tafi.

Likita ya ajiye katinsa a kan kanta. "In haka ne ni ma na fasa. Mutumin da ya yi mana wannan ɗawainiya ba za a bar shi shi kaɗai ba."

"Haba, Likita!" Dogo ya riƙo hannun rigarsa. "Har da kai? To me ya rage a tafiyar?"

Maganar ta fito kafin Dogo ya auna ta. Ya yi tari, ya ƙara da cewa, "Ina nufin, ai asarar sai ta zama biyu." Amma Sakatare ya riga ya ji ta yadda ta fito, kuma shi mutum ne da ba ya mance abin da aka faɗa a taro.

"Ku tafi," ya ce. "Ni na yi kuskure, ni zan zauna. Kada ku makara."

"Yallaɓai," in ji ma'aikaciyar, tana duban Likita, "tunda kujerar da ke kusa da abokinka ta zama fanko, in mayar da kai can? Wadda aka ba ka tana jikin banɗaki."

"Kwamfuta ce ta raba," Sakatare ya yi saurin cewa.

"A'a, Baba, zaɓa aka yi." Ta sake duban allo, yarinya mai son gaskiya. "Har an biya kuɗin zaɓin."

Lauya ya mayar da waya kunne, alhali ba ta yi ƙara ba. Likita ya dubi Sakatare na ɗan lokaci, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi wa hoton ƙirji in ya gano abin da yake zargi.

"Bar ni a inda nake, ƙanwata," ya ce.

"Kai, wane irin bar ni!" in ji Dogo. "Mayar da shi. Wa zan yi hira da shi?"

Suka rungume shi ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya ce zai kawo masa tsaraba. Likita ya ce ya riƙa shan maganinsa a kan lokaci.

Sakatare ya ja akwatinsa zuwa wani teburi a wurin shan shayi, ya zauna yana fuskantar gilashi. A cikin akwatin akwai gajeren wando mai zanen ganye, irinsa biyu ya saya, ɗaya mai tsawon ƙafa don Dogo. Da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata hoto ya shigo wayarsa: Dogo jikin taga, Likita a kujerar da aka biya wa wani, Lauya ya leƙo ta sama. A ƙasa Dogo ya rubuta, "Muna kewarka, Sakatare!" Babu wanda ya yi kama da mai kewa.

Minti biyu bayan nan wani saƙon ya biyo. "Af, otal fa? Likita ya ce in da sunanka kaɗai aka kama, ba za su ba mu makulli ba."

Likita ya yi gaskiya, kamar kullum. Sakatare ya buɗe shafin otal ɗin. Ɗaki biyu, suna ɗaya, kuma a nan sunan daidai yake, don da hannunsa ya rubuta. A ƙasa akwai jan rubutu: ana iya sokewa kyauta kafin ƙarfe goma sha biyu. Ya hango su sun sauka da akwatuna a garin da ba su san kowa ba, lokacin da ko'ina ya cika, Lauya yana jawabi, Dogo yana kallon silin. Ya ɗan jima yana kallon hoton nan a ransa, shayinsa yana hucewa. Wani jirgi ya tashi ta bayan gilashin. Bai san ko nasu ba ne.

Saura minti goma ya buga lambar otal ɗin.

"Ba zan samu zuwa ba," ya ce wa saurayin da ya ɗauka. "Ku mayar da kamun da sunan wani."

"To, ranka ya daɗe. Faɗa mini harafi-harafi."

Ya faɗi sunan Likita, da na mahaifinsa, da na kakansa, da lambar fasfo, bai duba takarda ba.

"Madalla. Wane ɗaki za a ba shi?"

"Mai kallon teku. Ku haɗa shi da lauyan, mai gilashin." Ya juya kofin shayin a kan faranti. "Na ukun, dogon, ku ba shi ɗayan. Shi kaɗai."

"Mai kallon motoci ke nan. Ya sunansa, ranka ya daɗe?"

Sakatare ya dubi silin.

"Yana bakina," ya ce, ya kashe wayar.