Katakon da Shamroz Ya Yanke

A Kuz Banda, idan aka ambaci Shamroz mai gyaran keken ɗinki, mata sukan ce hannunsa na da albarka, keken da ya taɓa sai ya shekara bai tsinka zare ba. Maza kuwa cewa suke mutum ne da ba ya ganin abu a yashe ya wuce. Guntun waya, murfin gwangwani, tsohuwar taya, duk sai ya sama musu aiki. Toor Gul mai shayi yakan ce idan ka daɗe tsaye kusa da Shamroz ba ka motsa ba, zai kafa maka ƙusa ya rataye jaka.

Da safiyar nan yana durƙushe a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, gaban shagon shayin, yana ɗaure noti na ƙarshe. Shekara shida ke nan yana zaga ƙauyukan kwarin, duk inda ya tsaya ya sauke marfin bayan motar ya ɗora keken mutane a kai. Amma ƙarfen marfin tudu da kwari ne. Keke ba ya zama daidai, ƙananan kusoshi su gangara su faɗa ƙasa, ya yi ta lalube a cikin tsakuwa. Yanzu ya sami katako mai faɗi, ya kankare fuskarsa ta yi fari, ya huda shi wuri shida ya ɗaure a jikin marfin ta ciki. Ya ajiye kofin shayinsa a kai. Shayin ya tsaya cak bai karkata ba.

Toor Gul ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa, ya tambayi inda aka samo irin wannan, don yanzu ba a yanka mai kauri haka.

"Mingora," in ji Shamroz, bai ɗago ba.

Ba daga birnin Mingora ba ne. Shekaranjiya bayan la'asar ya zaro shi daga rumfar bayan masallaci, ƙarƙashin wani karyayyen gado da shebur na kwashe ƙanƙara. Ya san ko mene ne, katakon wankan gawa ne na ƙauyen. Sai dai tun da 'yan garin da ke aiki a Dubai suka aiko da teburin ƙarfe mai taya, bai sake ganin an ɗauko tsohon ba, sai ya gaya wa kansa an yar da shi ne. Ya leƙa ɗakin Kaka Zarwali, ladanin, don ya faɗa masa, ya tarar tsohon yana gyangyaɗi, ya ce sai anjima. Katakon ya fi marfin tsawo, don haka ya sa zarto ya rage kamu guda. Yana tsakiyar yankan ƙamshin kafur ya taso daga cikin itacen. Ya tsaya. Amma zarton ya riga ya wuce rabi, sai ya ƙarasa, ya cusa guntun ƙarƙashin itacen girki a gida.

Lasifikar masallaci ta yi ƙara, muryar Kaka Zarwali ta fito tana rawa. Bakht Zamin na Bar Banda ya rasu da asuba, jana'iza bayan azahar.

Shamroz ya yi salati tare da kowa. Sai da ya ɗauki kofin zai kurɓa sannan abin ya faɗo masa. Bar Banda tana hayin kogi, sai an bi gadar igiya mai lilo, sannan a hau matakalar dutse. Teburin ƙarfe ba zai taɓa ƙetare gadar nan ba. Shekara biyu ba a yi rasuwa a can sama ba, shi ya sa bai ga an taɓa katakon ba.

Ya rufe marfin a hankali, ya sa sakata biyun.

Kafin ya isa masallaci an fito da komai na rumfar an zube a fili. Sabz Ali, babban ɗan mamacin, yana tsaye idanunsa jajir, mayafinsa a kafaɗa. Kaka Zarwali yana ta jujjuya karyayyen gadon kamar katakon zai iya ɓuya a cikin igiyoyinsa, yana cewa da idonsa ya gan shi makon jiya. Wani ya ce a ciro ƙofa kawai a yi wankan a kai. Sabz Ali ya ce ba za a kwantar da ubansa a kan ƙofar da awaki ke goga jiki ba. Daga baya, can cikin mutane, wata murya ta ce sanyin bana ya yi tsanani, kuma an ga hayaƙi ba ya yankewa a ɗakin ladan. Ba wanda ya waiwaya ya ga mai maganar. Ba kuma wanda ya tsawata masa.

Shamroz ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, masallacin ƙauyen Shin Kamar na da irin katakon, tafiyar rabin awa ce, zai kai su a ara.

Dole a tafi da Kaka Zarwali, don ladanin can ba ya ba da katakon sai hannun ɗan'uwansa ladan. Shamroz ya buɗe masa ƙofar gaba, ya roƙe shi har sau uku. Tsohon ya ce mai makoki ya fi cancanta da kujera, ya kama gefen bodin ya ɗare da ƙyar, Toor Gul na tallafa masa ta baya yana cewa Kaka ya rage cin burodin masara. Ba wanda ya yi dariya. Toor Gul ma ya hau, suka tafi.

Hanyar tana bin gefen kogi, tana hawa tana sauka. Sabz Ali na gefen Shamroz yana magana shi kaɗai, cewa shekara talatin suna kai wa tsohon nan abinci gida-gida, sun ba shi ɗaki, abu ɗaya aka ce ya tsare. Shamroz na cewa "uhm", idonsa na kan madubi.

Tsohon ya zauna can ƙarshen bodin, ya jingina bayansa da marfin. Da farko hannuwansa na cikin mayafi. Da motar ta faɗa wani rami ya miƙa hannu ya dafa katakon. Hannun bai koma ba. Ya bi gefensa a hankali, har yatsun suka isa ɗan kwarin da aka sassaƙa don ruwan wanka ya riƙa gangarawa, wanda kankarar Shamroz ba ta share ba. Nan suka tsaya. Tsohon ya sunkuyar da kai kusa da itacen, ya ɗan jima. Sannan ya ɗago ya dubi madubin.

Shamroz ya kau da idonsa daga madubin. Ya jira tsohon ya buga rufin motar ya ce a tsaya. Bai buga ba. Ya mayar da hannunsa cikin mayafi, ya juya fuskarsa wajen kogin.

A lanƙwasa ta uku suka tarar da dutse ya zaftaro ya rufe hanya, ƙasa da duwatsu sun fi tsayin mutum, ruwa na tsiyaya ta tsakaninsu. Wasu makiyaya biyu da ke zaune a gefe suka ce tun jiya ne, kuma motar kwashewa sai gobe in an yi sa'a. Da ƙafa, zuwa da dawowa da katako a kafaɗa, sai bayan la'asar.

Duk suka sauko. Sabz Ali ya dubi rana, ya dubi tsohon. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni. Ya ce ubansa na kwance tun asuba, mahaifiyarsa ta dafa ruwa ya huce ta sake dafawa. Ya ce gobe dattawa za su zauna, kuma gara Kaka ya fara naɗe bargonsa tun yau, don ɗakin masallaci na mai riƙon amana ne. Toor Gul ya ce masa haba Lala, haba babban yaya, ya riƙe hannunsa, Sabz Ali ya fizge.

Shamroz na tsaye dab da marfin, hannunsa a kan sakata. Yana lissafin yadda zai faɗa. Zai ce ya ɗauka an yar ne. Zai ce ya leƙa ya tarar da shi yana barci. Duk maganar da ya ɗauko sai ya ji ba ta da nauyin da za ta tsaya a gaban mutumin da ubansa ke kwance.

Kaka Zarwali ne ya riga shi.

"Ni ne, ɗana," ya ce da Sabz Ali, idonsa a ƙasa. "Sanyi ya matsa mini, na faskara shi. Kada mu ƙara ɓata wa mahaifinka lokaci. Mu koma, ƙofar ɗakina ba akuyar da ta taɓa ta. Zan wanke ta da hannuna."

Toor Gul ya saki baki. Sabz Ali ya kau da kai kamar ya ga abin ƙyama, ya nufi gaban motar.

Ƙarar sakata ce ta tsayar da shi. Shamroz ya zare ta farko, ya zare ta biyu, ya sauke marfin. Katakon ya kwanta a tsakaninsu, fari, shimfiɗe, kawunan noti shida na ƙyalli a kai. Ya ɗauko sifana daga akwatin kayan aiki ya durƙusa ya fara kwancewa, yana magana da sauri, da katakon yake yi ba da kowa ba. Ya ce guntun na nan a gida, bai ƙona ba. Ya ce zai haɗa su da ƙarafa biyu ta ƙasa, ramukan ya toshe da itace, ba zai kai awa ɗaya ba, za a samu kafin azahar.

Kogin na ta ƙara a ƙasa. Sabz Ali ya dawo ya tsaya a kansa, ya ɗora yatsa a cikin kwarin ruwan, ya bi shi har inda zarto ya datse shi. Toor Gul ya ce a hankali, "Mingora."

Notin farko ya fita ya faɗi cikin tsakuwa. Kafin Shamroz ya lalubo, Kaka Zarwali ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya goge shi da gefen mayafinsa, ya riƙe a tafin hannu yana jiran na biyu.

Shamroz ya dubi hannun nan. Sifanar ta ƙi juyawa. Ya ajiye ta a kan katakon, ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya mayar, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da ya yi magana muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, har makiyayan suka waiwayo.

"Sabz Ali, Kaka bai ƙona komai ba. Ni na ɗauka, ni na yanke, kuma ina tsaye a masallaci ana zaginsa na yi shiru." Ya juya ga tsohon. "Kaka, na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."