Kunnen Masta Boadu

Masta Boadu ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin turbo, wato na'urar da ke hura wa injin mota iska, ya manna ƙotarta a kunnensa, ya lumshe ido. Direba ya taka totur. Duk wanda ya san layin makanikai na Suwame, a Kumasi, ya san wannan tsayuwar. Har daga Tamale ake janyo tsofaffin motocin dizal saboda kunnen mutumin nan.

Abin da ba a sani ba shi ne kunnen ya daɗe da mutuwa. Ƙarar inji daga nesa take zuwa masa, kamar daga ƙasan rijiya, magana kuwa a leɓe yake karanta ta. Mutum ɗaya ne ya san sirrin: Ntim, ƙanen matarsa, wanda suke rumfa ɗaya tun kansu bai yi furfura ba. Ntim ke saurare, yana goge hannu kamar ba ruwansa. In fito ne na tiyon iska da ya tsage, sai ya rataya tsumma a kafaɗar hagu. In kuka ne irin na jiniya, wato sandar cikin turbo ta cinye, sai ya rataya a dama. Boadu ya saci kallo, ya yanke hukunci, jama'a su yi ta jinjina kai.

Motar yau ta Maame Dufie ce, wadda motocinta ke jigilar doya daga Techiman. Aikinta ne ke riƙe da rumfar, kuma ba ta ɗaukar wasa.

"Masta, tun daga hanya take min ihu kamar an yi mata mutuwa," in ji ta. "Me ke damunta?"

Boadu ya buɗe ido kaɗan. Tsumma na kafaɗar hagu.

"Haba Maame, wannan ai shagwaɓa ce," ya ce yana murmushi. "Tiyo ne ya tsage, iska ke zurarewa. Kafin ki gama shan ruwa an canza."

"Ka tabbata?"

"Ni fa?"

Sai Ntim ya matso, ya ce a kashe injin. Ya kwance tiyon, ya ɗaga shi a rana, ya lanƙwasa: lafiya ƙalau, ko tsaga babu. Ya zura yatsu biyu cikin bakin turbo, ya kama sandar, ya girgiza. Tana rawa kamar haƙorin tsoho. Ya zaro yatsun sharkaf da baƙin mai, ya nuna wa Maame.

"Da kin hau hanya da wannan, injin zai shanye mansa ya yi ta gudu har ya fashe," ya ce. "Yaya bai dai saurara da kyau ba ne."

Boadu ya dubi kafaɗar Ntim. Tsumman na nan a hagu, ko sauke shi bai yi ba. Ya so ya ce kuskure ne, wa ba ya kuskure? Amma Ntim ya sunkuya ƙarƙashin nasa bencin, ya jawo wani turbo naɗe a jarida, an wanke shi fes, daidai na wannan motar. Ba a samun irinsa a Suwame sai an yi kwanaki ana yawo.

Boadu ya ƙura wa Ntim ido. Shi ya koya wa wannan mutumin riƙe sifana. Shi ya tsaya masa a wurin aurensa.

"Ntim," ya ce a hankali, "yaushe ka sayo shi?"

Ntim bai ɗago ba. Ya juya baya, inda ba a ganin leɓensa.

Maame Dufie ta dafa kafaɗar Boadu cikin tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. Ta kawo bakinta daf da kunnensa, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Ka je ka huta, Masta! Ba laifinka ba ne! Ntim ya faɗa min komai ran Lahadi a coci, ni ce na ce sai na gani da idona!"

Wannan kam Boadu ya ji ta sarai. Masu walda na rumfar gaba ma sun ji, don ɗaya bayan ɗaya suka kashe wutarsu.