Farare Biyu Cikin Takwas

Jarmila ta ɗaga murfin akwatin a hankali, ta ture yagaggun takardun da uwar ta lulluɓe 'ya'yanta da su, ta sake ƙirgawa. Takwas ne. Kwana goma sha shida ke nan da Perla, hamstarta, ta haihu, shida sun buɗe ido tun jiya, har sun fara cusa hatsi a kumatu yadda kowane ɗan hamsta, dabbar nan mai kama da ɓera, yake yi. Farare biyu ne suka rage. Ta ɗauki ɗaya ta je bakin taga da shi. Inda ya kamata ido ya kasance fata ce a shafe, gashi ya fito a kai. Ta kaɗa makulli kusa da kunnensa, ko motsi bai yi ba.

Ƙarya ne ta ce ba ta zata ba. Tun suna kwana uku ta lura babu baƙin ɗigon ido a ƙarƙashin fatarsu, ta yaudari kanta cewa masu jan ido ne.

Mijinta Olda ya leƙo daga kicin riƙe da kofi. "Ɓerayenki sun karya, ko mu ma za a tuna da mu?"

Yau ba ta ce masa ba ɓeraye ba ne. Shirun ne ya sa ya ƙaraso, ya duƙa ya duba tafin hannunta.

"Makaho ne?"

"Idon ma babu. Kuma kurma ne. Su biyu."

"To, haka suka zo, Jarmila. Ya za ki yi?"

"Ba haka suka zo ba. Ni na haɗa uwarsu da ubansu."

Duk mai kiwon hamsta da ya san abin da yake yi ya san wannan aibin. A jini yake. Wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya lafiyarsa ƙalau, farin tumbi kawai za a gani. Amma in aka haɗa masu ɗauke da shi biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai fito fari fat, ba ido. Matsalar ita ce Perla mai farar ɗamara ce a tsakiyar jiki, haka uwarta, haka kakarta, kuma masu ɗamara dama tumbinsu fari ne. Abin ya samu wurin ɓuya. Shekara goma sha huɗu Jarmila tana kiwo a garin Olomouc, ba ta taɓa ba da ɗa ba tare da takardar asali ba, kuma a kowace takarda ta sa hannu cewa jinin gidanta ba shi da wannan aibi. Ta sha yi wa masu sayarwa a kantin dabbobi gori a kan haka, wani lokaci har fiye da kima.

Ta sa fararen biyu a ƙaramin akwati, ta hau bas zuwa lambun Pan Kubat da ke bayan gari. Shi ne mai Baron, uban 'ya'yan, wanda duk 'yan ƙungiyar masu kiwon hamsta ke kai wa matan hamstarsu. Shi ya kafa ƙungiyar, shi kuma ya ba Jarmila hamsta na farko tun tana ganin duk launinsu ɗaya ne. Shekararsa saba'in da huɗu. Ta same shi yana ɗaure tumatir.

"Jarmilka! Zauna, ruwan kofi na kan wuta."

Ba ta zauna ba. Ta buɗe akwatin a kan bencin. Ya goge hannu a wando, ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya mayar. Abin da ya dame ta shi ne bai yi mamaki ba.

"Nawa ta haifa?"

"Takwas."

"Shida ta haifa," in ji shi. "Haka za ki rubuta. Waɗannan ki kai wa likitan dabbobi ya yi musu allurar mutuwa, ko ki ajiye su a ɗakin baya in ba za ki iya ba. Dama ba su cika daɗewa ba."

"Pan Kubat, Baron yana ɗauke da shi. Perla ma haka."

"Na iya lissafin, yarinya, ni na koya miki."

"Kai ne kuma ka koya min cewa takarda ba ta ƙarya."

Ya sauke butar daga wuta, ya zuba kofi biyu duk da haka.

"Baron ya tsufa, nan da wata uku ya gama aiki. Perla kar ki sake haɗa ta. Shi ke nan, magana ta mutu. Ranar Asabar akwai baje kolin hamsta a garin Brno. Ki tashi a gaban mutane ki ce jinin gidanki da nawa akwai aibi, me kike tsammani? Waɗanda kika yi shekaru kina yi wa wa'azi za su tafa miki? Dariya za su yi har su faɗi. Ba mai ƙara karɓar ko gashi daga hannunki."

"'Yan'uwan Perla fa? Suna hannun mutum goma sha bakwai. Wasu kiwo suke yi da su."

"In ya fito musu, sa gane."

"Kamar yadda na gane yau?"

Ya tura mata kofin, ya koma wajen tumatirinsa ya ba ta baya. Ta tsaya tana kallon wuyansa da ya yamutse. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, kuma abin kunyar shi ne wani ɓangare na zuciyarta ya ji daɗin shawarar. Shida lamba ce mai kyau, ba wanda zai tambaya.

A tashar bas ta zauna da akwatin a cinya. Fararen sun sami yankan kokwamba, suna ci hankali kwance, ba su san ana shawara a kansu ba. Ta ciro littafin da take rubuta sunayen waɗanda ta ba 'ya'ya. Na farko Vlasta ce, ƙawarta ta shekara tara, wadda suke raba mota da ɗakin otal duk baje koli. Yayar Perla tana hannunta. Jarmila ta fi minti goma tana kallon lambar kafin ta danna.

"Ke, ina cikin kanti," in ji Vlasta. "In maganar mota ce, na ce miki ni zan tuƙa, tuƙinki hawan jini yake sa min."

"Ba mota ba ce. Perla ta haifi farare biyu. Ba ido. Takardar da na ba ki ba daidai ba ce, Vlasta. Jinin gidana yana da shi. Kar ki haɗa taki da kowa sai mun yi magana. Ki yafe min."

Jarmila ta duba ko wayar ta yanke. Tana jin ƙarar keken kaya da muryar mai karɓar kuɗi daga can nesa.

"Ni ma tawa ta haifi farare uku," in ji Vlasta, muryarta ta yi ƙasa. "A watan Fabrairu."

"Da Baron?"

"Da Baron. Na kai wa tsohon ya gani. Ya ce in na faɗa, sunanki ne zai ɓaci, tunda ke kika ba ni uwar. Don ke na yi shiru, Jarmila. Da na san za ki kai masa Perla..."

"A motarki muka kai ta," in ji Jarmila.

Vlasta ta fara kuka a tsakiyar kanti. Bas ya zo, ya buɗe ƙofa, direban ya dubi matar da ke zaune da akwati a cinya, ya rufe ya wuce.

"Je ki biya kayanki," in ji Jarmila. "Saura mutum goma sha shida in kira."