Tuffar da Ke Ƙofar Milisav

Duk wanda ya san Milisav a ƙauyenmu ya san shekara ashirin da bakwai ya yi yana shirin biki ɗaya. Tun ranar da aka haifa masa Isidora, 'yarsa tilo, ya fara. Ya san inda za a kafa rumfar mutum ɗari huɗu, ya san masu busa ƙahon da zai ɗauko, ya san raguna ashirin za a gasa. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne lokacin da zai riƙo hannunta ya fito da ita ta babbar ƙofar gidansa, kowa na gani.

Sai ga Isidora wata Lahadi ta zo daga birnin Novi Sad da wani siririn saurayi mai tabarau, Gavrilo, wanda suke da shagon gyaran keke tare. Bayan an ci an sha, ta zaro 'yar takarda daga aljihu.

"Baba, ga tsarin bikinmu. Mutum talatin."

"Masu rabon abinci? Sun yi kaɗan, amma a fara da su."

"Talatin duka, Baba. Har da mu."

Milisav ya dubi matarsa Dobrila, ita kuwa ta dubi silin. Isidora ta ci gaba da karatu kamar mai karanta labarai. Ba rumfa, a gindin itatuwan lambu za a zauna. Ba masu busa, wata ƙawarsu za ta kaɗa jita. Rigar amarya ruwan ɗorawa. A kan keke za a tafi coci. Rago ɗaya ya isa, don ango ba ya cin nama.

"Ashsha," in ji Milisav, ya juya ga saurayin da tausayi. "Me likita ya ce?"

"Lafiyata ƙalau, Baba. Ra'ayi ne."

Ra'ayi! Milisav ya haɗiye rumfa, ya haɗiye masu busa, ya haɗiye raguna goma sha tara, amma da ya ji takarda ta ƙare ba a ambaci tuffa ba, sai ya doki tebur har cokula suka yi tsalle.

"Ina tuffa? Tun kakannina ba angon da ya taɓa shiga gidan nan sai ya harbo tuffa daga kan sanda. A nan ake gane mijin da zai iya riƙe 'yar mutane."

"Baba, Gavrilo bai taɓa riƙe bindiga ba."

"Zan harba," in ji Gavrilo da sauri, yana gyara tabarau. Shi dai bawan Allah so yake a zauna lafiya.

Da za su koma, Isidora ta ja ubanta gefe. "Na bar maka tuffarka. Amma wallahi in ka bar shi tsaye a waje mutane na yi masa dariya, ta ƙofar baya zan fice, ta wajen kejin kaji, in same shi a titi." Ya san za ta aikata, don taurin kansa ta ɗauko ba halin uwarta ba.

Da ya kama bakinsa da an wuce wurin. Ina! Washegari a shagon kofi, maƙwabcinsa Stamenko, wanda ya tara mutum ɗari biyar a bikin ɗansa kuma har yau bai bari an manta ba, ya ce, "Na ji wai biki za ka yi na mutum talatin. Ta'aziyyar kakata ma ta fi haka cika." Nan Milisav ya miƙe ya dafa ƙirji ya rantse a gaban kowa cewa ƙofarsa ba za ta buɗe ba sai tuffa ta faɗo ƙasa.

Ranar Asabar ya kafa sanda mai tsawon gaba shida a bakin ƙofa, ya soka tuffa a kanta, ya kira surukin nasa gwaji. Gavrilo ya karɓi bindigar farauta kamar an miƙa masa jaririn wasu. Ya ɗaga, ya rufe ido ɗaya, sannan ya rufe ɗayan ma.

Daram!

Tuffa ko motsi. Can bayan gida sai ga Dobrila tana kururuwa, bahon wankinta da ke rataye a bango ya zama rariya.

Asabar ta biyu indararon Stamenko aka samu. Ta uku ba a san inda harsashin ya tafi ba, an dai ƙirga tumaki an ga sun cika. Abin haushin kuma, yaron ba ya gudu. Yana ajiye bindiga zai naɗe hannun riga, ya like baho, ya gyara indararo, ya hau kan famfon rijiyar da ya shekara uku yana tari. In sun zauna hutawa ya riƙa ba da labarin Isidora, yadda take zagin ƙusa in ta ƙi kwancewa, fuskarsa na haske kamar an kunna fitila. Milisav ya wayi gari yana son yaron nan, so na gaske, kuma ga rantsuwa a wuya.

Sai ya fara rage wa sanda tsawo, taƙi ɗaya yau, taƙi biyu gobe. Ya kewaye kasuwar garin Chachak yana neman tuffa mai girman kan jariri. Stamenko ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Maƙwabci, sandar taka ba ta da lafiya ne? Kullum sai ramewa take."

"Idonka ne ke tsufa."

Ana saura kwana biyar, Dobrila ta same shi zaune a gindin sanda ya yi tagumi.

"Baban Isidora, ka janye maganarka mana."

"In janye? A gaban Stamenko? Gara a binne ni."

"To ka ɗaura mata zare. Bindiga na tashi, a ja."

"Zare! Ni da na harbo tawa da harsashi ɗaya a ƙofar gidanku, ni za ki ce wa zare?"

Dobrila ta goge hannu a zaninta, ta dube shi irin kallon da ake yi wa yaron da ya sa takalmi a juye. "Kai har yau kana zaton kai ka harbo ta? Innata ce ta ja daga taga. Harbinka kan bututun hayaƙi ya sauka."

Shekara talatin yana ba da labarin harbin nan a kowane biki, har da nuna yadda ya tsaya. Kwana biyu bai yi mata magana ba, abinci ma sai ta ajiye ta tafi yake ci. A rana ta uku da safe ya tsaya a ƙofar kicin yana duban wani wuri daban, ya ce, "Wane irin zare?"

Zaren fatsa ne, wanda ido ba ya kamawa. Ya ɗaura wa tuffa, ya bi da shi ta bayan ginshiƙin ƙofa. Bai yarda da kowa ba, shi da kansa zai ja, kuma bai gaya wa ango ba, don yaron gaskiya ta yi masa yawa.

Ranar biki mutum talatin aka gayyata, amma wajen ɗari uku ne suka jeru a bakin shinge, wasu har da kujerunsu. Stamenko a gaba, ya sha kwat. Da hantsi 'yan rakiyar ango suka ɓullo a kan kekuna masu furanni suna ta kaɗa ƙararrawa, ƙirrin ƙirrin, kamar masu tallar madara. Milisav ya tsaya a bakin rufaffiyar ƙofa, hannu ɗaya a baya, zare naɗe a yatsa.

Aka miƙa wa Gavrilo bindiga. Ya ɗaga. Ya sauke, ya goge tabarau. Ya sake ɗagawa. Mutanen da ke kusa da bahon wanki da indararo suka ja da baya.

Daidai nan Milisav ya ɗaga kai ya hango Isidora a tagar bene, cikin rigarta ruwan ɗorawa, ta dafa gilashi da hannu biyu, tsoro a fuskarta. Jiya jiya fa yake ɗaukar yarinyar nan a kafaɗa. Hawaye ya cika masa ido, kuma kafin ya tuna abin da ke yatsansa ya kai hannu zai share.

Tuffa ta yi tsalle daga kan sanda, ta faɗo tim, ta biyo zare tana gangarawa har ta tsaya a kan takalminsa. Bindiga kuwa ba ta ce uffan ba.

Sai muryar Stamenko: "Ikon Allah! Jama'a, kun ga maharbi? Tuffa ta gan shi ta mutu don tsoro!"

Dariya ta ɓarke, wata tsohuwa har tana faɗowa daga kujera. Gavrilo ya sauke bindiga, kunnuwansa sun yi ja wur, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baba, ban harba ba. A mayar da ita sama, in sake."

Kai, wannan yaro! Milisav ya waiga taga. Ba kowa.

Ya san inda ta nufa. Ya dubi Stamenko, ya dubi mutum ɗari ukun da za su yi shekara ashirin suna maimaita labarin nan, sai ya ɗaga hannunsa sama, tuffa na reto a jikin zare.

"Ni na ja! Ku gani da kyau, ni na ja! Bai iya harbi ba, ba kuma zai taɓa iyawa ba, kuma shi nake so. Wanda abin bai yi wa daɗi ba ya haifi tasa 'yar!"

Ya banko ƙofa ta buɗe, ya tura ango ciki, shi kuwa ya zuba da gudu ya kewaya bayan gida, mutum mai shekara sittin da tumbi, kaji na watsewa a gabansa. A bakin keji ya cim mata, ta tattare riga da hannu ɗaya, ɗayan na kan sakata.

"Isidora." Numfashi ya ƙi. "Na buɗe. Yana ciki. Don Allah, 'yata, ba ta nan ba."

Ta dube shi, ta dubi hular da ta karkace, ta dubi kashin kaji a takalman da ya kwana uku yana gogewa. Sai ta fashe da dariya tana kuka, ta miƙa masa hannu.

Ta babbar ƙofa ya fito da ita. Waɗanda suka zo dariya suka shiga tafi, bai ji ba, bai ma ga Stamenko ba. Gavrilo ya riga ya sake fitowa, yana tsaye a titi riƙe da kekuna biyu. Suka iso, suka tsaya, aka jira.

"Baba," in ji ta a hankali. "Sakar mini hannu."

"Yanzu," ya ce.

Bai saka ba. Haka aka tafi coci a ƙasa, amarya da ubanta a gaba, ango na biye yana tura kekuna.