Talatar Kafinta

Tun ƙarfe shida Kafinta ya gama shiri. Ya saka farar rigarsa ta zuwa sujada, ya goge takalmi, ya buɗe ambulan ɗin takardun 'yarsa ya duba su har sau uku. Yau Talata, da ƙarfe tara daidai za a gana da masu neman aikin jinya a babban asibiti, kuma Auta na cikin mutum goma sha biyun da aka kira. Shekararta biyu da gama makaranta tana zaman gida. A ƙasan wasiƙar an rubuta cewa wanda ya makara kada ma ya wahalar da kansa.

Ya leƙa ɗakinta. Gado a gyare, kayan da za ta saka a rataye, ita kuwa ko sama ko ƙasa.

"Ina yarinyar nan?"

Matarsa tana haɗa littattafan ɗalibanta za ta fita. "Ka san inda take. Ta ce yanzu za ta dawo."

"Yau ma? Yau ɗin ma?"

"To, Baban Auta, ciwo ya san da wata wasiƙa ne?"

Ya danna ambulan a hammata ya fice.

Gida na uku daga nasu, nan Tsohon Mawaƙi yake kwance. Shekara talatin yana shugabancin mawaƙan majami'a kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Da abin ya faru, dattawan ikilisiya suka zauna suka ce ba za a bar shi shi kaɗai ba, aka raba ranaku. Kafinta da kansa ya ja layukan jadawalin, ya kafa ƙusa ya rataye shi a bayan ƙofa. Kowa kuwa yana zuwa a ranarsa. A zo da lemo, a yi addu'a, a rera waƙa baiti biyu, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Amma baho da soso da tasar bayan gida, tun watan farko Auta ce, ba kuma wanda ya saka ta.

Ya same ta a durƙushe gaban gado, hannayen riga a naɗe, tana matse tawul.

"Auta! Kin san ƙarfe nawa?"

"Ina kwana, Baba."

"Bakwai da kwata! Motar zuwa asibitin nan awa guda take yi, in ba a samu cunkoso ba!"

"Ga mai muryar zarto ya iso," in ji tsohon daga kan matashi. Bakinsa ya karkace, amma harshen nan na nan da kaifinsa. Shi ne ya sallami Kafinta daga cikin mawaƙa tun yana saurayi, wai yana firgita yara.

"Malam, ina kwana. Ka yi haƙuri, yau ba ranar wasa ba ce. Ke, tashi mu tafi."

"Baba, ban gama ba. Kaka ya ɓata shimfiɗa, sai na canza, in wanke shi, in juya shi."

"Ki bari sai kin dawo."

Ta ɗaga gefen mayafi ta nuna masa ƙugun tsohon. Fatar wurin ta yi ja, faɗin tafin hannu.

"Ka ga nan? In ya wuni a jiƙe, kafin yamma ya fashe. In kuwa ya zama gyambo, sai wata da watanni."

"Tafi abinki, jikata," in ji tsohon. "Ni da na riga na zama tsumma."

"Kin ji! Shi ma ya ce ki tafi!"

"Kaka, ɗaga hannu," ta ce, kamar ba ta ji su ba.

Kafinta ya kai ƙofa ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo. Shekara nawa yana feƙe katako da ciwon baya don yarinyar nan ta yi karatu? Ga aiki ya zo har bakin ƙofa, ita kuma ta tsaya matsar tawul! Yaran mutane suna can tun asuba sun kama layi.

"Shin ke kaɗai ce mai bin Ubangiji a garin nan? Ba ga jadawali ba? Mai ranar zai zo ya yi!"

"Wa ke da yau, Baba?"

Ya janyo ƙofa da ƙarfi ya duba. Rubutun hannunsa ne, tsaf, ko ɓata ɗaya babu. Talata: Kafinta.

Tsohon ya yi wata dariya da ta ƙare da tari.

"Ai da yamma nake zuwa," in ji Kafinta. "In karanta masa Maganar Allah."

"Haka ne, Baba. Yana kuma jin daɗin karatun. Zanin gadon ne dai ba ya jira sai yamma."

Ya dubi agogo. Bakwai da minti ashirin da biyar. Ya dubi farar rigarsa. Ya san halin 'yarsa, kan uwarta ta ɗauko: ko ya yi ihu har rufin ya ɗage, ba za ta motsa ba. Shi kuwa niyyarsa ya raka ta har ƙofar ofis, ya zauna a benci yana addu'a.

Ya miƙa mata ambulan. "Karɓi. Ba ni tawul ɗin."

"Baba, za ka iya?"

"Ni da nake ɗaukar ƙofar katako ni kaɗai? Tafi!"

Tana wanke hannu tana zuba masa bayani. Ya gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. Kada ya ja hannun da ya shanye. Ya tanƙwara ƙafar tukuna, sannan ya ja zanin gado, jikin zai biyo. Ya tsane fata sosai kafin ya shafa mai. Ya ce ya ji, ya ji, ya tura ta waje. Ya tsaya a bakin ƙofa har ya ga ta shige gida da gudu.

Da ya dawo, rabin bayanin ya gudu daga kansa. Ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin cinya, ya ciccibo tsohon yadda yake ciccibar ƙofa.

"Wayyo! Kai, ɗan nan, ni ba katako ba ne! Auta ta ce ƙafar tukuna, ƙafar!"

"To Malam, ka daina sanƙarewa mana!"

"Ni nake sanƙarewa? Kai ka kai ƙara wurin ciwon!"

Gwiwarsa ta bugi baho, ruwa ya fantsama a farar riga. Ya cire ta ya jefa kan kujera, ya rage daga shi sai singileti. Warin shimfiɗar ya doki hancinsa har hawaye suka taru. Sau nawa ya tsaya gaban jama'a yana bayyana yadda Ubangiji Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa? Bai taɓa tunanin ko ruwan ya yi datti ba, balle wanda ya je ya zubar.

Da aka zo wankin ƙasan jiki, tsohon ya juya fuska bango, ya rufe ido. Wannan mutumin da in ya ɗaga yatsa mutum arba'in suke ɗauke numfashi. Kafinta ya jawo mayafi ya rufe shi, yana buɗe wurin da zai wanke kaɗai. Haka ya yi har aka gama.

Aikin da Auta take yi a rabin awa, shi sai da ya kai goma saura. Ya wanke zannuwa ya shanya, ya zauna a bakin gado da waya a hannu, yana duba ta kamar za ta tsere.

"Ka bar wayar nan ta huta," in ji tsohon. "Ba ni ruwa."

Sha biyu da rabi wayar ta yi ƙara.

"Baba! Na isa tara saura biyar. Sun ɗauke ni!"

Kafinta ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. "Godiya ga Allah! Malam, sun ɗauke ta! Yaushe za ki fara?"

"Litinin. Aikin safe suka ba ni, ƙarfe bakwai ina can." Ta sassauta murya. "Baba, na ce musu sai na yi shawara. Kaka fa?"

"Shawara? Wace irin shawara kuma? Ke wai so kike ki kashe ni? Koma yanzu ki ce kin karɓa!"

"To da safe wa zai..."

"Na ce ki koma! Safiya ba matsalarki ba ce!"

Ya kashe wayar yana huci. Ya dafa ƙugunsa da ke zogi, ya ƙare wa gadon kallo.

"Wane sakarai ya yi gadon nan? Dubi yadda ya yi ƙasa. In mutum zai riƙa sunkuyo a nan kullum, ai sai bayansa ya karye."

"Kai ka yi shi," in ji tsohon.

Kafinta ya yi tsaki, ya durƙusa ya fara auna ƙafar gadon da taƙi.