Asibiti Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin tsohon ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, don haka babu abin da wani zai gaya masa game da babur. Ya kwashi masu hawansa a bakin titi har ya gaji. Sai ga shi Auta, 'yarsa da ke aikin haɗa magunguna a ƙasar waje, ta sayi wani ƙaton babur, ta ce za ta yi kwana shida tana zagaya duwatsu a kansa, ita kaɗai.

Don hankalinsa ya kwanta, ta turo masa taswirar tafiyar a waya: shuɗin layi mai lanƙwashe-lanƙwashe, da ɗan ɗigo da zai riƙa nuna inda take. Kuskurenta ɗaya, ta bar masa damar gyarawa.

Ya gano haka ne ranar da yatsansa ya ja layin bisa kuskure, ya ga layin ya biyo shi. Shi ke nan, tsoho ya samu aikin yi. Kullum bayan karin kumallo sai ya share gefen tebur, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya rubuta "asibiti" a wurin bincike. Duk wanda ya fito, sai ya jawo layin ya bi ta ƙofarsa. Ƙananan ɗakunan shan magani ko kallo ba su ishe shi ba, shi mai ɗakin tiyata yake nema.

"Me kake yi wa yarinyar nan?" in ji matarsa.

"Hanya nake daidaita mata."

Kafin mako ya zagayo, tafiyar kilomita ɗari tara ta koma dubu da ɗari huɗu, duwatsun kuwa an kauce musu kaf.

Sai ga kiran Auta.

"Baba, na buɗe taswirata na tarar da asibiti goma sha ɗaya. Yawon buɗe ido zan je ko dubiya?"

"Hanyar ta fi kyau. Na duba, na farkon har wurin ajiye babur gare shi."

"Baba, in ka sake taɓa layin nan zan cire ka gaba ɗaya. Ko ɗigon ba za ka gani ba."

Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Kwana shida bai san inda take ba, ai ba zai iya ba. Ya ce to. Ta mayar da layinta kan duwatsu, shi kuma ya koma kallon wayar hannuwansa a aljihu.

Ranar tafiya ɗigon ya kama hanya lafiya lau. Wajen hantsi sai ya sauka daga layin, ya karya kwana, ya je ya tsaya cak a ƙofar asibitin farko. Minti ɗaya. Minti biyar. Tsohon ya san tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a sauko da mutum a kan gadon ɗaukar majinyata. Ya miƙe yana lalube aljihu, yana neman makullin motar da ya mayar wa hukuma shekara shida da suka wuce.

Wayar ta yi ƙara. Hoton Auta ne a bakin ƙofar asibitin, hular kwano a hammata, fuska ba ko murmushi. A ƙasa ta rubuta: "Na zo na gani, Baba. Akwai wurin ajiye babur. Sauran goman ba zan je ba."

Ya zauna.

"Me ta ce?" matarsa ta tambaya daga kicin.

"Ta ce hanyar ta yi kyau."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe bai mayar ba.